Lakar da Ke Takalmin Babanku

Nasiru, Maryam, wannan babin naku ne, ko da yake na san sai kun nemi wanda zai karanta muku, tunda ku Hausa a kunne kuke ajiye ta, ba ta sauka baki. Na ji abin da 'ya'yan baffanku suka gaya muku da kuka je gida, wai babanku ya bar wasiyya a kai shi garinsu, ni kuma na take ta saboda taurin kai. Taurin kai dai ina da shi, ba na musu, wurin uwata na gada. Amma wasiyya babu ita. Ku natsu in ba ku labarin daga tushe, tushen kuwa ba a London yake ba, yana gindin wata itaciya a ƙauyen da aka haife ni.

Saran Gawo ake ce wa ƙauyen. Kafin a haife ni, gona ta yi wa mutanen tsohon garinmu kaɗan, sai mahaifina da wasu 'yan'uwansa suka ɗauki gatari da iri suka nausa daji, suka sare, suka kafa bukkoki. Amma a ransu ba su tare ba. Zaman noma suke yi, in ji su. Aure a tsohon gari ake ɗaurawa, salla can ake zuwa, in kuwa wani ya rasu sai a ɗora shi a makara, maza su yi ta karɓa-karɓa wuni guda har su kai shi wurin kakanninsa. Ana nan sai wata damina wana Ɗanlami, yaro ne da bai daɗe da fara tafiya ba, zazzaɓi ya ɗauke shi. Rafin da ke tsakaninsu da tsohon gari ya cika ya batse, ba mai iya ƙetarewa. Dole aka haƙa masa a bayan gonar mahaifina, a gindin wani gawo. Ku ba ku san gawo ba. Itace ne mai halin kansa: in ruwa ya sauka, kowace itaciya ta yi kore, shi lokacin yake kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kuma ya yi lif. A ƙarƙashinsa aka kwantar da yaron, aka jera masa itace da fasassun tukwane, aka rufe da ƙasa, ana ruwa.

Da rani ya zo rijiyar da suka haƙa ta ƙafe, maza suka yi shawara a tattara a koma. An fara ɗaure kaya ma. Innata ta fito da tabarmarta ta shimfiɗa a ƙofar bukka ta zauna.

"Ku sauka lafiya," in ji ta. "Ni ba na bar wa kuraye yaro shi kaɗai."

Ita ke nan maganar da ta yi, mace ce da ba ta maimaita zance. Mahaifina ya kwance kayansa, ya nemi wani wuri ya sake haƙa rijiya, sauran ma kunya ta hana su tafiya. Wannan karon aka dace da ruwa. To kun ji yadda Saran Gawo ya zama gari. Da aka sake yin rasuwa, wani tsoho makiyayi da ya sauka a garin, ba wanda ya ƙara zancen makara da rafi. Aka kai shi kusa da Ɗanlami, mutane suka ce ya sauka wurin mai masauki. Sunan ya bi yaron. Duk wanda ya rasu a garinmu har yau ba a cewa an kai shi maƙabarta, sai a ce ya sauka wurin mai masauki.

Mu mata ba ma shiga wurin. Amma hanyar rijiya ta gefensa ta bi, kuma na taso na san shi tamkar ɗakin Innata, duk da kunne na san shi. Na san layin shekarar sanƙarau, wanda ya fi kowane tsawo. Na san inda masu haƙar rijiya biyu suke kwance, waɗanda ƙasa ta rufta da su. Na san kusurwar baƙi, fatake da matafiya da ba a san garinsu ba. Ba suna, ba allo, ba siminti, ƙasa takan kwanta ta daidaita bayan 'yan daminu, sai dai tsofaffi su nuna da sanda su ce wane na nan. Da rani awaki su shiga su ci 'ya'yan gawo, ba mai korarsu. In mun wuce da tuluna da yamma, Innata takan rage tafiya kaɗan, ba ta waiwaya, ba ta cewa komai, mu ma sai mu rage.

Da wannan na zo London a farkon shekarun tamanin, amarya, ban san kowa ba sai babanku. Karatu ya kawo shi, yana kuma jan tasi da yamma. Muna haya a ɗaki ɗaya a saman wani gida a Catford, a ƙasanmu kuma Baba Issaka ne da matarsa Mma Adiza, mutanen Ghana, Hausawan can, 'yan zango. Shi girki yake yi a wani otal, ita kuma tana sayar da atamfa daga cikin akwati. Hausarsu ta ba ni dariya da farko, mace ma "ya" suke ce mata, har na saba. Mu nan ma zaman noma muke yi, irin na mahaifina. Kowa ka tambaya baɗi zai koma. In babba ya rasu sai jama'a su haɗu a sa shi a jirgi. Watan farko da sanyi ya shigo, babanku ya tsaya a taga yana kallon titi, ruwa na zuba, itatuwa duk sun zubar da ganye. Na taɓa ba shi labarin ƙauyenmu, sai ya juyo yana dariya.

"Binta, zo ki ga danginku. Ashe itatuwan ƙasar nan duk gawo ne. Ana ruwa suna tsirara."

Nasiru, ka taɓa tambayata, kana ƙaramin sakandare, me ya sa nake kiran sunanka gatsal, alhali Anti Rabi, mutuniyar gida da muka yi zaman London tare, ba ta kiran na babban ɗanta. Na ce maka ka ci abincinka. Amsar ita ce ba kai ne ɗan fari ba. Kun san an taɓa yin wata kafin ku, amma a dunƙule kuka sani. A sanyi na biyu na haife ta, watanninta ba su cika ba, aka sa ta a kwalba a asibiti. Babanku ya shiga ya sunkuya ya yi mata huɗuba a kunne, ya raɗa mata suna, shi kaɗai ya san shi, sai ranar suna za a bayyana kamar yadda ake yi. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure ni. A garinmu mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu. Haka aka yi mini tarbiyya, haka na ga an yi. Kuma kullum aka tura ni a keke zuwa ɗakin jarirai, akwai matan ɗalibai 'yan gida da suka zo taya ni zama, manya da ni, har da Anti Rabi, suna tsaye a kaina. Sai in sunkuyar da kai in kalli ƙarshen kwalbar. Ƙafafunta na sani. 'Yan mitsi-mitsi ne, jajaye, babban yatsan a ware yake da sauran, tana ta motsa su. Na ce a raina in mun koma gida, na rufe ƙofa, zan ƙare mata kallo. Ba ta kai ranar suna ba.

Jariri ba a sa shi a jirgi. Baba Issaka ne ya zo da labarin cewa can bayan gari, an wuce Croydon da nisa, council, wato ƙaramar hukuma, ta yanki wani gefe a maƙabartar wani ƙauye ta ce na Musulmi ne, an ma daidaita shi da alƙibla, amma shekara ta zagayo ba wanda ya yarda a fara da nasa. Su biyu suka tafi da wani limami ɗan Ghana, babanku na rungume da ɗan akwatin a bayan mota. Da yamma ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, takalminsa duk laka. Ɗakin cike da mata 'yan gaisuwa.

"Na samo mata gawo," ya ce.

Na juya fuskata bango. Na ji Anti Rabi tana cewa, "Kai, yarinyar nan akwai kara, ko ɗigon hawaye." Mma Adiza ce kaɗai ta matso ta dafa bayana.

"Ɗiyana, yi kuka. Nan ba gida ba ne, ba wanda zai gani."

Ban yi ba. Ban kuma tambayi sunanta ba. Shi ma babanku, da ya ga ban tambaya ba, ya ɗauka ba na son ji. Ni kuma da na ga bai faɗa ba, na ɗauka faɗin zai yi masa ciwo. Haka muka yi ta yi wa juna kara, mu biyu a ɗaki ɗaya, har kuka zo, har muka samu flat ɗinmu, har kuka girma.

Washegari na ɗauki takalmin nan zan goge. Laka ce rawaya mai danƙo, ba irin baƙar ƙasar titin Catford ba. Na kankare ta da bayan cokali, sai na kasa zubarwa a shara. Na zuba ta a wani tsohon gwangwanin madara na ajiye a tagar kicin. Daga nan abin ya zama al'ada. Lokaci-lokaci, ranar Lahadi in ba ya aiki, babanku zai ce, "Zan ɗan fita," ya sa wannan baƙin takalmin mai igiya. Ba na tambaya. In ya dawo zai cire shi a bakin ƙofa ya jera shi sosai inda zan gani, shi da kullum yake wurgar da takalmi ɗaya gabas ɗaya yamma. Ni kuma in ɗauka in shiga kicin. Wannan ita ce ziyarata. A jikin takalmin nake ganin wurin. Wani lokaci in sami busasshen ganye manne a diddige, in san iska ta fara kaɗawa a can. Wani lokaci 'yan fararen furanni ƙanana, in san itaciyar ta farka. Na taɓa samun gashin tumaki, na wuni ina ganin garke a bayan shinge suna kiwo, ita kuma tana jin kukansu. Ina wanke-wanke, taga ta yi gumi, sai in ga filin a cikin gumin, kore shar, da hazo kwance a kansa, da itaciya guda, wani sa'in ma har da awakin Saran Gawo a gindinta. Gwangwani ya cika na koma tukunyar fure, ciyawa ta tsiro a ciki. Kuna kiranta gonar Mum. Kai Nasiru har ka taɓa ce mini, "Mum, it's just grass," na ce maka ciyawar ta fi ka ladabi.

Na ba Mma Adiza labarin Ɗanlami wata rana muna tsinke alayyahu, ita kuwa ba ta iya riƙe labari, kafin mako ya zagayo duk 'yan zango sun ji. Da wani tsoho ɗan Ghana ya rasu, wanda ya yi rayuwarsa a jiragen ruwa, ba shi da kowa a gida da zai karɓe shi, Baba Issaka ya hau bene ya ƙwanƙwasa mana.

"Mma, yarinyanki ya yi baƙo. Gobe za mu kai Baba Moro wurin mai masauki."

Daga shi sai wani ɗalibi da mota ta buge, sai wasu jarirai tagwaye, sai wata mata 'yar Nijar. Babanku in ya dawo daga jana'iza yakan ba da labari a kan abinci, yana kallon kwano, kamar da ku yake magana: an fara layi na biyu, an sa famfo kusa da shinge, manomin da ke maƙwabtaka ya cire hularsa da suka wuce. Ni nake tattara su ina jerawa a kaina, kamar yadda na jera na ƙauyenmu. Mma Adiza ma da lokacinta ya yi, ta hana a kai ta Kumasi. Ta ce ita ta gaji da jirgi, kuma akwai jikarta a can bayan Croydon da ke bukatar mai goyo.

Shekarar da komai ya juya, Nasiru kana shirin jarrabawar gama sakandare, Maryam ke kuma kina ƙi-faɗin nan da ba a iya miki magana. Ciwon hanta ya kama babanku. Tun bazara yake ramewa yana cewa gajiya ce, da kaka ta shigo aka kwantar da shi a asibiti a Whitechapel. Kullum in shiga bas, in shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, in fito ta cikin kasuwa da kunun gyaɗa a fulas, ko cokali biyu ba ya sha. Likitoci ba su ɓoye mana ba. Wansa, Yaya Alhaji, ya taso daga gida, ya sauka a gidan wani attajiri abokinsa. Ba zan ɓata shi a wurinku ba. Shi ya riƙe babanku tun suna yara, shi ya turo shi karatu, kuma ya zo ne da saƙon uwarsu, Inna, tsohuwa tukuf, wadda ta ce in dai ba za ta ga ɗanta da rai ba, a kawo mata shi ya kwanta a ƙasar da za ta kwanta. A gaban gadon ya faɗa, a hankali.

"Sule, kowa na Allah ne. Amma in ta Allah ta kasance, na yi magana da masu jirgi, komai an yi arranging. Gida za ka."

Babanku bai taɓa musa wa wansa ba, ko a kan gishirin miya. Ya lumshe ido ya ce, "Yaya ya san abin da ya dace." Wannan ita ce wasiyyar da ake gaya muku. Ku auna ta da kanku.

Bayan kwanaki, da rana tsaka, ɗakin ba kowa sai mu biyu, ruwa na bin gilashin taga. Ya daɗe yana kallonsa.

"Binta, takalmina na nan?"

"Yana bakin ƙofa, Malam."

"Ya bushe ko?"

"Ya bushe."

"Tun bazara ban je ba. Za ta ce na manta hanya."

Karo na farko ke nan da ya ambace ta a gabana tun ranar da ya ce ya samo mata gawo. Na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Na gyara masa bargo. Da na fito na wuce gidan Baba Issaka kai tsaye, lokacin ya tsufa, yana dogara sanda. Na ce gobe zai raka ni. Ya dube ni, ya dubi sandarsa, bai kawo zancen mata da maƙabarta ba.

Muka bi ta Croydon, inda na sha tsayuwa a layin biza ban taɓa sanin hanyar 'yata ta nan ta bi ba. Muka shiga jirgin ƙasa, gidaje suka yi ta raguwa har suka ƙare, muka shiga wata ƙaramar bas mai bin lunguna tsakanin shinge. Yayyafi ake yi. Duk abin da na gani na riga na san shi, har na riƙa jin kamar barci nake. Ga shingen, ga tumakin, ga famfon. Muka wuce duwatsun Turawa masu rubutu, muka kai gefen namu, layi-layi, wasu da ƙananan alluna. Ban jira a nuna mini ba. Itaciyar na can ƙarshe, tsirara, ruwa na ɗiga daga rassanta, a gindinta ƙasa ta kwanta ta daidaita, ciyawa ta rufe. Babanku bai sa allo ba, irin na gida ya yi. A gefen dama kuma akwai fili, daidai tsawon mutum, duk an zagaye shi da kaburbura amma shi ba a taɓa shi ba.

"Wannan fa, Baba?"

"Mijinki ya hana. Kowane lokaci aka zo haƙa, sai ya ce a matsa gaba kaɗan, saiwan itace zai dame mu. Mu kuma muka yi kamar mun yarda."

Na durƙusa a cikin lakar. Kukan da Mma Adiza ta ce in yi, a ranar na yi shi, ita tana layi na uku tana jina. Baba Issaka ya juya baya yana kallon tumaki har na gama.

Ban koma gida na sake kaya ba, asibiti na wuce. Na tsaya a gefen gado, na ɗaga zanena kaɗan. Ya leƙo ya ga takalmina. Ya daɗe yana kallo, sai ya yi murmushi irin na ranar da ya ce itatuwan nan danginmu ne.

"Gawon ya zubar?"

"Ya zubar, Malam." Na ƙara da cewa, "Wane suna ka sa mata?"

"Ashe kina so ki ji."

"Tun ranar nake so."

Ya ce in matso. A kunne ya faɗa mini, kamar yadda ya faɗa mata. Sunan Inna ne, uwarsa. Ba zan rubuta shi ba, suruka ba a kama sunanta, 'yar fari ma haka, ku dai kun san sunan kakarku. Ya ce duk zuwan da yake yi, in ya tsuguna, "Inna, na zo" yake cewa. Bai ce mini a binne shi a can ba. Bai ce kada a kai shi gida ba. Bayan kwana kaɗan, da hantsi, ya cika.

A ƙasar nan matar mutum ake tambaya, ba wansa ba. Yaya Alhaji bai san haka ba sai da aka zo ɗaukar gawa. Ya zo flat ɗinmu, ku kuna ɗaki, na san kun ji tashin murya ba ku fahimci rabi ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce a nan za a yi.

"Ke Binta, kina cikin hankalinki? Na yi booking. Inna na can tana jira. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata kusa da ita ya kwanta, Yaya. Yarinyar da muka rasa, sunanta ya sa mata. Shekara da shekaru yana ajiye da wurin."

Na ga maganar ta shige shi. Amma ya girgiza kai.

"Ya ce miki haka da bakinsa?"

"Bai ce ba."

"To ke kika yanke."

"Ni na yanke."

Ya tashi ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya ce na raba tsohuwa da ɗanta sau biyu, a raye da kuma a mace, Allah ya isa tsakaninsa da ni. Duk da haka ya tsaya aka yi salla da shi, ya bi su har ƙauyen, Baba Issaka ya ce mini Yayan ne ya shiga ramin ya karɓi ƙanensa. Daga filin jirgi bai sake kirana ba har ya bar duniya. Gidan da babanku ya fara ginawa a garinsu ban sake jin labarinsa ba. Ku kuma kuka tashi ba dangin uba, ba mai aiko muku da kilishi, ba mai ce muku ku zo hutu, sai da kuka girma kuka nemi hanya da kanku, aka tarbe ku da wancan labarin. Wannan ni na jawo muku, na sani, ya kuma yi mini ciwo. Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Mace ce da ta riƙe ni da kyau ina amarya. Na hana ta abu ɗaya da ta roƙa, kuma da za a mayar da ni wannan ranar, abin da zan sake yi ke nan. Ina takaba ina kallon tukunyar ciyawa a taga, ina jin muryar Innata tawa a ƙofar bukka tana cewa ku sauka lafiya.

Yanzu wurin ya cika har an ƙara yankar fili. Akwai 'yan Kano, akwai 'yan zango, akwai waɗanda ban san ƙasarsu ba. Yaran da ke kai iyayensu suna cewa za su wurin mai masauki, da Hausarsu ta 'yan London, ba su san wace ce ba, wasu ma sun ɗauka wani tsohon malami ne. Ni nakan je abina, na daina neman rakiya. Maryam ta taɓa gaya mini sunan itaciyar da Turanci, na bar shi ya fita ta ɗaya kunnen.

Shekara biyu ko uku bayan rasuwar, Anti Rabi ta je gida ta dawo, ta zo mini da yamma. Ta ce ta biya ta gaida Inna, ta same ta a kwance, ido ya tafi. Ashe Yaya Alhaji ya isar da saƙona, Allah ya ji ƙansa. Tsohuwar ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta kama hannun Anti Rabi ta ce in ta koma ta tambayar mata Binta abu ɗaya.

"Takwarar tawa, da wa ta yi kama? Ta ɗauko fuskata?"

Anti Rabi na zaune tana jiran amsa, ita da ta tsaya a kaina a ɗakin jarirai, ta kuma yaba karata ranar gaisuwa. Na tambayi babanku suna, ban tambaye shi fuska ba, shi kaɗai ne kuwa ya ƙare mata kallo. Na ce ta aika a gaya wa Inna ƙafafun dai irin na gidansu ne, babban yatsa a ware. Ban sani ba ko saƙon ya riske ta da rai.

Don haka ku ji, tun ina da bakin faɗa, kada wani ya zo ya ce muku ban bar wasiyya ba. Kada ku yi mini booking. A gefen hagu na itaciyar akwai ɗan wuri, masu haƙa za su ce muku saiwa za ta dame su, ku ce su lallaɓa. Ku kai ni wurin mai masauki. Akwai fuskar da zan je in duba, kuma wannan karon ko duk matan Kano na tsaye a kaina, ba zan sunkuyar da kai ba.